Ƙyauren da Ya Riga Gida Zuwa

Sau goma sha ɗaya na ɗauki ƙyauren Yaya a rayuwata, kuma babu ɗauka ɗaya da ban yi tsaki ba. Ni direban motar ɗaukar kaya ne. Na kwashe wa mutane firji da gadaje da injin niƙa, amma ban taɓa haɗuwa da katako mai nauyin wannan ba. Ƙarti huɗu ke ɗaga shi, Yaya na tsaye a kanmu tana cewa a kula da kusurwa, sai ka ce mara lafiya muke fitarwa daga ɗakin tiyata. Duk wanda ya san yayata ya san ƙyaurenta, ya kuma san burinta ɗaya ne a duniya: ta kwana a gidan kanta, ta ja ƙyauren nan ta rufe daga ciki.

Mijinta ne ya yi shi, Allah ya jiƙansa. Kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke ce masa, har ita. A shekara ta biyu da aurensu ya yi wa wani aiki, katako mai kyau ya yi saura, mai aikin ya ce ya ɗauka. Da wani ne da kujeru zai yi ya sayar. Shi kuwa sai ya shafe wata guda cur yana haɗa ƙyaure, alhali ko fili ba su da shi, ɗakin haya ɗaya suke ciki. Da aka yi masa dariya sai ya ce shi daga ƙofa ya fara, gida zai biyo baya. Bai ma yi shi daidai da na mutane ba, ya ƙara masa faɗi da taƙi guda. Ya ce ya gaji da kwance gado da kabad a bakin matsattsun ƙofofin gidajen haya, shi a gidansa komai zai shiga a tsaye da mutuncinsa.

Gidan bai biyo baya ba. Suna shekara goma sha biyu da aure Kafinta ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ya rasu. Ya bar mata 'ya ɗaya, da akwatin kayan aiki, da ƙyaure. Kayan aikin ta sayar. Ƙyauren kuwa ta naɗe shi da tsohon bargo, ta kifa shi a kan bulo huɗu, fuskarsa na kallon ƙasa don kada ta karce, ta ɗora katifa a bayansa. Shi ne ya zama gadonta na shekara talatin da ɗoriya.

A shekarar ne ta sami aiki a sashen wanki da guga na asibiti. Na sha zuwa wurinta a can. Dogon ɗaki ne a bayan ginin, kullum cike da tururi da ƙanshin sabulu, ga tsibin zannuwan gado har kusa da silin, ga Yaya a gaban tebur da dutsen guga kamar an haife ta da shi a hannu. Har yau akwai tabon ƙuna uku a damtsenta na dama. Aikin ya bar mata wata ɗabi'a: ba fuskar mutum take fara kallo ba, wuyan rigarsa take kallo. Ni kaina kafin in je gaishe ta sai na canza riga, ga ni da furfura.

Albashin bai taka kara ya karya ba, don haka a haya ta yi rayuwarta, kuma ta ga masu gida iri-iri. Akwai wanda ke kulle famfo da ƙarfe takwas na safe ya tafi kasuwa da makulli. Akwai wanda ke faɗowa tsakar gida ba sallama. Wani da ta ce masa rufi na yoyo a kan gadonta, sai ya ce ta matsar da gadon, bai san irin gadon ba. Biyu daga cikinsu sun sayar da gida da mutane a ciki, sai ganin takardar tashi suka yi a maƙale a ƙofa. Duk tashin da za ta yi ni ake nema. Sau goma na kai ƙyauren nan daga ɗakin wani zuwa ɗakin wani, kuma a duk goman na ba ta shawarar ta sayar da shi ta sayi gado kamar kowa. Amsarta ba ta taɓa canzawa ba: «Auta, kama can ɓangaren.»

Da ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama a dunƙule, sai masu ba da shawara suka yi mata caa. Wannan ya ce ta sa a kasuwanci, wancan ya ce ta sayi fili a bayan gari ta jira ya yi daraja. 'Yarta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ce ta ajiye kuɗinta ta komo wurinsu ta huta. Yaya ta saurari kowa, ta yi godiya, sannan ta ce gida za ta saya mai ɗakuna, ta zauna a ɗaya ta ba da hayar sauran. Lissafin ba shi da laifi. Lokacin ne ke da laifi. Gidaje sun yi tashin gwauron zabo, masu kuɗi na saye tsofaffin gidajen cikin gari suna rushewa suna gina shaguna, mutane kuma na ta kwararowa neman wurin zama. Gidan da aka yi maka kuɗinsa yau, in ka koma bayan wata biyu sai a yi maka kallon wanda ya zo daga ƙauye.

A irin wannan kasuwa mai hankali sauri yake yi. Yaya kuwa sai ta yanki igiya, ta ƙulla ta daidai faɗin ƙyauren da tsayinsa, ta jefa a jaka.

Dillalin da ya yi ta yawo da mu Ba-Matsala ake ce masa, don ko gida na ci da wuta abin da zai ce ke nan. Zai kai mu gida mai kyau, sabon fenti, ruwa da wuta, Yaya ba za ta kalli rufi ba, ba za ta leƙa banɗaki ba. Za ta wuce kai tsaye bakin babban ɗaki ta fito da igiyarta. Wannan ƙofar tana jikin kusurwa, ba wurin faɗaɗawa. Waccan akwai ginshiƙi a gefenta. Wata kuma rufin ya yi ƙasa. Akwai wani gida mai ɗaki shida kusa da kasuwa wanda har yau in na wuce ta gabansa sai zuciyata ta sosu. Kuɗinta sun isa a lokacin har da canji, ta ƙi shi saboda taƙi guda. Wata goma sha huɗu muka yi muna wannan yawo, kuɗin na zaune a banki suna ramewa. Ranar da Ba-Matsala ya share gumi ya ce, «Mama, gaskiya akwai matsala,» na san mun kai maƙura.

Na faɗa mata magana a ranar, ban ɓoye ba. Na ce mutane na sayen ƙofa don gida, ita tana neman gida don ƙofa, kuma wannan ba hankali ba ne. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce wuyan rigata ya yi baƙi.

A ƙarshe abin da kuɗin suka iya saya wani tsohon gida ne a bayan tashar mota, ɗaki uku da ciki da falo ɗaya, da ɗan sito a ɗaya ɓangaren tsakar gida. Kwanon rufin ya yi tsatsa, kwata ta toshe, bangon banɗaki ya tsage. Amma bangon falon dogo ne fetal, yana kallon gabas, ba ginshiƙi ba kusurwa. Ta ɗora igiyarta, ta juyo ta ce a kira mai gidan.

Gyara ya ci mu. Birkila ya yi mana lissafin siminti ranar Litinin, kafin Juma'a kuɗin buhu ya canza. Kwano ma haka, katako ma haka. Yaya ta koyi abin da ba ta taɓa sani ba, har ta iya murza yashi a hannu ta ce an haɗa shi da ƙasa. Takan zo da kujerarta ta zauna a inuwa tun safe, ma'aikata suka sa mata suna Injiniya. Aka fasa ƙofar falon aka faɗaɗa, aka sa sabon firam. Sannan na yi ɗauka ta goma sha ɗaya.

Ranar ne aka warware bargon, kuma ranar na fara ganin fuskar abin da na yi shekaru ina ɗauka. Ashe ba katako ba ne kawai. An raba fuskarsa gida huɗu, kowanne da sassaƙar rassa da ganye, aikin hannu mai tsafta, ko ƙura ba ta shiga ba. Na so in tsaya in kalla, amma tsakar gidan cike yake da yashi da bulo, ba wurin ja da baya, ga birkila na tsaye yana cewa siminti ya ƙare. Yaya ta shafa shi sau ɗaya da tafin hannu, ta buɗe ta rufe, ta ji bai yi ƙara ba. Sai ta juya wurin maganar siminti.

Simintin ne ya hana ta shiga. Kuɗi sun ƙare, rabin rufi a buɗe, damina na tafe. Hanya ɗaya ce ta rage, a karɓi hayar shekara a hannun masu son shiga a ƙarasa aiki da ita. Kuɗin ƙananan ɗakunan uku ba su isa ba, sai an haɗa da ciki da falon. Ɗakin da take haya a lokacin kuwa tsohon ɗaki ne kusa da asibiti, ta shekara tara a ciki, mai gidan dattijo ne da bai cika ƙari ba, kuɗinsa bai kai rabin abin da falon zai kawo ba. Ko yaro ya san amsar wannan lissafi. Bayan kwana biyu ta ce a ba da falon haya, amma shekara ɗaya kawai. Ta sayi gadon ƙarfe, ta koma ɗakinta na haya, mai gida guda 'yar haya.

Masu neman ɗaki suka yi layi, don a lokacin ko kejin kaji ka ce za ka bayar sai an zo. Ba-Matsala ya so a ba wanda ya fi tsoka. Yaya ta ce ita sai ta je inda mutum yake zaune ta ga shanyarsa. Wai wanda ke matse wanki ya baje shi sosai, ya bar wa maƙwabci wuri a igiya, ba zai toshe maka kwata ba. Na yi dariya, amma da haka ta zaɓi wani tela, da wata nas, sai kuma Malam, mai koyar da lissafi a firamare, wanda aka ba ciki da falon shi da matarsa. Sau ɗaya kallon wuyan riga ya ci amanarta. Wani saurayi ya zo da riga ta sha sitaci, karin guga kamar wuƙa, ta ba shi ɗaki ba tare da ta je ganin shanya ba. Ashe shagon wanki yake kaiwa. Wata bakwai ya yi, ya gudu da kan famfo da ƙwayayen fitila har da sakatar banɗaki. Har yau in ina son in tsokane ta sai in tambaye ta labarin mai sitaci.

Kada a ɗauka Yaya waliyyiya ce. Tana da riƙo, kuma ba ta yafe haya. Sau biyu ta yi ƙari, sai dai takan zo da kanta wata uku kafin lokaci, ta zauna ta faɗa wa mutum ido da ido, ta gaya masa abin da ya tashi. Abin da aka yi mata ne ba ta yi wa kowa. Ba ta shiga ba sallama, ba ta zuwa da sassafe ko da magariba lokacin da mutane ke cikin hidimarsu. In an ce rufi na yoyo ba ta gardama, takan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, washegari sai ga mai gyara. Kuma da yake ta san yawancin faɗan gidan haya a kan igiyar shanya yake farawa, sai ta sa aka ja igiya takwas daga bango zuwa bango. Tun daga hantsi har la'asar tsakar gidan nan ba ka ganin komai sai zannuwa da riguna, sai ka sunkuya kake wucewa.

Sharaɗi ɗaya ta sa wa Malam a takarda: ba ƙusa a jikin ƙyaure, ba manna hoto, ba rataye jiƙaƙƙen tawul. Duk Asabar ɗin farkon wata, da rana ta ɗaga, takan zo da tsumma da kwalbar man katako, ta sunkuya ta ƙarƙashin shanya, ta goge shi lungu-lungu, ta gaisa da mutanen gida ta tafi. Ba ta zama ko an kawo mata kujera.

Shekara ɗaya ta zama biyar. Kullum akwai dalili: a tona sabuwar masai, a jawo ruwa, a sake wayar wuta. Amma zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin Yaya cikin kwanciyar hankali irin na shekarun nan ba. Ga fansho, ga haya, tana sayen maganin ƙafarta ba ta roƙi kowa ba, tana aika wa jikoki abin makaranta. Ta yi ƙiba kaɗan. Gadon ƙarfen kawai take kuka da shi, wai yana sa mata ciwon baya. In na ce yaushe za a shiga, sai ta ce ƙyauren da ya jira shekara arba'in ba zai gaji da shekara ɗaya ba.

Sai dattijon mai gidanta ya rasu. Magada ba su ɓata lokaci ba, suka sayar wa mai gina shaguna, aka ba kowa wata uku. Da ta kira ni ta faɗa mini, wallahi daɗi na ji. Na ce Allah ne ya kawo lokaci. Shekarar Malam saura wata biyu ta cika, a ba shi takardar tashi cikin mutunci, ya nemi wani wuri, ita ta shiga ɗakinta. Babu wanda zai ce ta yi zalunci. Ita ma ta yarda. Muka je shagon masu buga takardu aka rubuta, ta sa hannu, ta ninke ta sa a jaka.

Na san mahaifin Malam ya dawo wurinsu kusan shekara guda, bayan ya sami shanyewar ɓarin jiki, amma ban taɓa sa abin a lissafi ba. Yaya ma a kwance take samunsa a ciki in ta zo, ta gaishe shi daga bakin ƙofa. Ranar da muka kai takardar mun ɗan yi sammako fiye da yadda ta saba, an dai riga an yi shanya. Muna ɗaga wani zanin gado sai muka ga matar Malam na turo tsohon a keken marasa lafiya, za ta fito da shi shan hantsi. Keken ya ratsa ƙofar sumul, saura kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Yana wucewa tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa ƙyauren.

Bayan an gaisa matar Malam ta ce ai Baba kullum sai ya yi haka. Ta ce kafin su ɗauko shi yana gidan babban ɗansa, can kuwa keken ba ya shiga ƙofa, sai an sami maza biyu sun ciccibo shi kamar buhu. Shi kuma ya tsani a ɗauke shi, don haka ya yi wata takwas bai ga rana ba. A nan ita kaɗai ke fito da shi ta mayar. Tsohon ya ɗago kai yana son magana, bakinsa a karkace, sai da ya maimaita muka gane.

«Wanda ya yi ƙofar nan ya san mutane,» in ji shi.

Yaya ta sa hannu a jaka. Na ga yatsunta sun taɓa takardar. Sai ta fito da tsumma da kwalbar mai, alhali ba farkon wata ba ne, ta shiga goge ƙyaure.

A mota na yi ta faɗa. Na ce tausayi daban, wauta daban. Na ce ita ma tsohuwa ce, ƙafa na ciwo, nan da wata uku a titi za ta kwana? Malam namiji ne da albashinsa, ya nema. Ta ce a ina zai sami ƙofar da keken zai shiga, ita da ta yi wata goma sha huɗu tana auna ƙofofin garin nan ta fi kowa sanin babu. Na ce to ita fa? Ta ce, «Auta, ja mota.»

Haka muka koma hannun Ba-Matsala, wannan karon neman ɗakin haya. Sati uku muka yi, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ɗaki ba taga, a ce a biya shekara biyu a dunƙule, ban da la'ada. Wani mai gida ya ƙare mata kallo ya ce tsohuwa ita kaɗai, in ta kwanta ciwo wa zai ɗauka? Wani kuma ya gane ta, ya ce ashe ba ita ce mai gidan bayan tasha ba, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. 'Yarta ta bugo waya tana kuka, ta ce don Allah ta taho. Yaya ta ce ba za ta ƙare rayuwarta a gidan suruki ba alhali tana da gida.

Da yamma muna dawowa ta ce in bi da ita bayan tasha. Ta wuce kai tsaye wurin ɗan siton nan da ke fuskantar falon Malam, ta ture ƙyauren kwanon da ke jikinsa. Taku uku ne a taku huɗu, cike da ragowar bulo, gwangwanayen fenti da wani karyayyen baro. Ta ce a kwashe, a fasa taga, a yi daɓe da fenti. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mai gida guda a sito, me mutane za su ce?

«Siton na wa?» ta tambaye ni.

«Naki.»

«To.»

Malam bai san da maganar takardar ba, amma da ya ga ana fasa taga ya tambayi birkila, ya sha jinin jikinsa. Ya zo har ɗakinta shi da matarsa, ya durƙusa, ya ce Mama ba zai yiwu ba, su za su nemi wani wuri. Yaya ba ta iya karɓar godiya ba, sai ta ɗaure fuska. Ta ce wa ya ce ya tashi? Yana biyan haya a kan kari, shanyar matarsa ba ta taɓa shiga igiyar wani ba. Ta ce ya sani dai baɗi akwai ƙari kamar kowa, kuma maganar ƙusa tana nan.

Ranar tashi sawu ɗaya muka yi. Gadon ƙarfe, katifa, akwati biyu, tukwane, kujera. Ni da wani mai dako kaɗai muka loda, ko gumi ban yi ba. Ina tuƙi ina jin motar ta yi sakayau, kuma maimakon in ji daɗi sai na ji wani iri, har na waiwaya baya sau biyu kamar na manta da wani abu. Aka jera kayan da ƙyar, gadon ya cinye rabin ɗakin. Na tafi ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ban ma yi mata sallamar kirki ba.

Washegari da sassafe na ga dutsen gugarta a ƙarƙashin kujerar mota, na ce bari in kai mata kafin in fita aiki. Ban taɓa shiga gidan a wannan lokaci ba. Ba a fara shanya ba, igiyoyin takwas duk a sake, tsakar gida fayau an share shi. Yaya na zaune a dokin ƙofar sitonta da kofin shayi. Na tambaye ta kwanan baƙunta, ta ce ita ba baƙuwa ba ce, kuma rabon da ta yi barci irin na jiya tun Kafinta na da rai. Sannan ta matsa gefe ta ce in zauna nan, in dubi gabana.

Rana ta fito ta sauka a kan ƙyauren. Daga inda muke, taku goma sha biyu, sai na ga abin da ban gani ba ranar da aka kafa shi. Rassan nan da na ɗauka ado ne kawai a gida huɗu, ashe haɗe suke. Na ƙasa biyu gindi ne da saiwoyi, na sama biyu rassa ne da suka buɗe, bishiya ɗaya ce tun daga ƙasa har sama. In kana kusa ganye kawai kake gani. Ita ma shekara biyar tana goge shi hancinta a jikin katako, bayanta kuma shanya, ba ta taɓa ja da baya ba. Idona ya ciko, ni da na yi shekara talatin ina zagin katakon nan.

«Bai taɓa gaya mini ba,» in ji Yaya. Ta kurɓi shayi. «Ka ga da na shiga ɗakin can, bayansa zan yi ta kallo har in mutu. Bayansa kuwa na san shi, a kai na tsufa.»

Muna nan zaune bishiyar ta motsa, ƙyauren ya buɗe ba ƙara. Matar Malam ta fito da bokiti cike da wanki, ta gaishe mu, ta ɗauko zanin gado ta yarfa, ta nufi igiyar tsakiya.

«Ɗan dakata, 'yata,» in ji Yaya. «Ja mini ƙofar nan tukuna, ki bari in ƙarasa shayina.»